Wake 381 da hotuna a soron gidanmu

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Shekara biyu ke nan ina tara yaran layinmu a soron gidanmu da ke Gwammaja duk ranar Alhamis bayan la'asar, tunda ranar ba Islamiyya. Karatun Hausa muke yi da tatsuniya, wani lokaci ɗan lissafi. Idan sun cika su goma sha huɗu ne, ƙaraminsu ɗan shekara biyar, babbarsu 'yar takwas. Bana na ce bari in gwada wani abu kafin azumi ya shigo: in ba su labarin mutum guda, mutum na gaske ba Gizo ba, kuma da hotuna zalla, domin rabinsu har yanzu haɗa baƙi suke yi.

Martin Luther King na zaɓa. A wannan watan aka haife shi, 15 ga Janairun 1929, a birnin Atlanta na Amurka, kuma hotunan gwagwarmayar da shi da baƙaƙen Amurka suka yi da wariyar launin fata suna nan birjik a intanet, da yara a cikinsu da yawa. Ina cikin yi wa ƙanwata bayani sai Baba ya jefo baki daga kan tabarmarsa: "Ga gidan Malam Aminu nan kusa da hancinka, sai ka tsallaka teku?" Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, za mu iso gida." Ya ce to, Allah ya kawo mu. Daga jin yadda ya faɗa na san bai gamsu ba.

Na tsince hotuna goma sha biyu, na kai shagon buga takardu. Sa'ar da na ci ita ce dukkansu baƙi da fari ne, ba sai na biya kuɗin mai kala ba. Na manna su a jikin kwalin taliya don kada hannun yara ya yage su tun ranar farko.

Alhamis, 9 ga Janairu

An yi ba a yi ba. Na fara da hoton fuskarsa, ga kwat ga laktaye ga ɗan gashin baki, na ɗaga na ce wa ya san wannan. Wani ya ce ɗan ƙwallo ne. Wata ta ce mai karanta labarai ne a talabijin. Na hau zuba: sunansa kaza, an haife shi a kaza, ya yi yaƙi da wariyar launin fata. Kafin in kai jimla ta biyar biyu sun fara kokawa a kan matashi, autan ajin kuma ya juya wa hoton baya yana kallon kiyashi a jikin bango.

Laifina ne. Muna cewa gani ya kori ji, na ɗauka da zarar na ɗaga hoto aiki ya ƙare. Ashe fuskar mutum ba labari ba ce. Yaro ya ga wani baƙo ya sa kwat, sai me? Ba abin da ke faruwa a cikin hoton, ba wanda ke kuka, ba wanda ke gudu, ba abin tambaya. Na mayar da fuskar ƙasan tarin, na sake jera sauran: waɗanda ake yin wani abu a cikinsu su ne za su zo gaba. Na kuma roƙi ƙanwata ta zana mini guda ɗaya da babu shi a hoto, na ƙuruciyarsa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Zanen ƙanwata ya yi aiki. Yara biyu ne a bakin wani shago, ɗaya fari ɗaya baƙi, ga wani babban mutum ya kamo hannun farin yana jan sa ciki. Ban ce komai ba, na ce su gaya mini abin da suka gani. Nan take baki ya buɗe. Bayan sun gama hasashe na ba su labarin: lokacin da King yake ɗan shekara shida yana da aboki Bature da suke wasa kullum, sai uban yaron ya hana ɗansa kula shi, ba don ya yi laifi ba, sai don baƙi ne. Wani yaro ya ce shi ma Mamarsa ta hana shi wasa da wane. Na ce saboda me? Ya ce saboda yana zagi. Na ce to idan ya daina zagin fa? Ya ce sai su shirya. Na ce shi wannan yaron me zai daina? Suka yi tsit. Wannan shirun ya fi mini duk abin da na faɗa makon jiya.

Da na tsaya a nan da na tsira. Sai na fito da hoton famfo biyu a bango guda, ɗaya sabo mai kyau an rubuta na farare, ɗaya tsoho a gefe an rubuta na baƙaƙe. Na yi musu bayanin cewa a jihohin kudancin Amurka doka ce ta raba komai, makaranta da banɗaki da gidan abinci da kujerar mota. Daɗin yadda suke saurare ya ɗebe ni, na ce bari mu gwada. Akwai randa a soron, na ɗauko moɗa biyu, sabuwa da wata lanƙwasasshiya, na ce masu haske su sha da wannan, baƙaƙe da waccan.

Wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba suka fara jera hannuwa suna gwada wa ya fi wa haske. Akwai wata yarinya 'yar shekara shida, ita ce ta fi kowa duhu a cikinsu, suka taru suka nuna mata tsohuwar moɗar suna dariya. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dai sa takalminta ta fita.

Na kwana da abin a raina. Na ɗauka wariyar launi labarin wata ƙasa ne da zan shigo musu da shi a jikin kwali, na manta ƙanwarta tana nan layinmu. A garin nan idan ana yabon amarya "fara ce tas" ake fara cewa, ga shagunan man bilicin a kowace kusurwa, yaran nan kuma kunnensu a buɗe yake. Ba sabon abu na koya musu ba, izini na ba su.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan masallaci na je gidansu da ƙanwata. Kakarta ce ta leƙo. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya faru ban rage komai ba, na ce kuskurena ne. Ta ce, "Malam, ai ba kai ka fara ba, a cikin gidan nan ma 'yan'uwanta tsokanarta suke yi." Ta ce za ta turo ta ranar Alhamis. Na jefar da tsohuwar moɗar. Daga yau ba na sake raba yaran nan gida biyu da sunan misali.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ta dawo, ta zauna can kusa da ƙofa. Kafin mu fara na ba ta haƙuri a gaban kowa, na sa su ma suka ba ta. Abin ya yi musu banbaraƙwai, babba yana ba yaro haƙuri, amma sun yi.

Yau bas muka shiga. Na jera tabarmi uku na ce ga gaba, ga tsakiya, ga baya, amma ba wanda na zaunar, takalma na sa a madadin mutane. A birnin Montgomery na jihar Alabama kujerun gaba na farare ne, na baya na baƙaƙe. Na tsakiya baƙi zai iya zama, amma da zarar gaba ya cika Bature ya rasa wuri, duk layin za a tayar, ko da mutum ɗaya ne zai zauna. Baƙi kan biya kuɗi a ƙofar gaba, ya sauka ya zagaya ya shiga ta baya, wani lokacin ma direba ya ja mota ya bar shi a ƙasa da kuɗinsa a hannun kamfani. Ranar 1 ga Disamban 1955 wata mai ɗinki, Rosa Parks, 'yar shekara 42, tana dawowa daga aiki aka ce layinsu ya tashi. Uku suka tashi, ita ta ƙi. Aka kira 'yan sanda.

Wani abu da na gano ina shirin darasin: sanannen hoton nan nata tana zaune a bas tana kallon taga, da Bature a bayanta, ba ranar aka ɗauke shi ba. Bayan shekara guda aka ɗauka, da aka ci nasara, mutumin da ke bayanta ma ɗan jarida ne. Na gaya wa yaran haka. Ba na son in fara koya musu tarihi da ƙaramar ƙarya, ko da mai daɗi ce.

Sai babbar ajin, 'yar shekara takwas ɗin nan, ta ɗaga hannu. "Malam, ai mu ma in mun shiga bas mata baya suke zama." Jikina ya ɗan yi sanyi, domin ban shirya wa wannan ba. Na ce to mu duba. Idan mace ta zauna a gaba, ɗan sanda yana zuwa ya kama ta? Suka ce a'a. Idan mota ta cika tsohuwa ta shigo, wa ke tashi? Suka ce yaro. Na ce to a can tsohuwa ce za ta tashi saurayi ya zauna, idan ita baƙa ce shi fari. Nan fa soron ya kaure. "Tsohuwa?" "Bai ji kunya ba?" Duk bayanin doka da na yi bai taɓa su kamar wannan ba, domin shi ne ya ci karo da abin da aka tarbiyyantar da su a kai.

Ita dai mai tambayar ba ta sake ni ba. Ta ce, "To me ya sa ba maza ne a bayan ba?" Na ce tambaya ce mai kyau, ta riƙe ta, ta kuma yi wa Babanta ita. Na san na zille. Abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, na tabbata da wannan, amma ba zan ce wa yarinyar da ta lura da wurin zamanta a mota ta daina lura ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Bayan magariba wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai yara biyu a ajin, ya yi mini sallama. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na ji an ce labarin fasto kake koya wa yaranmu, har da hotuna." Na ce, "Alhaji, ba ƙarya aka gaya maka ba. Fasto ne, ubansa ma fasto ne. Amma ba addininsa nake koyarwa ba, zalunci nake nuna musu da yadda mutane suka ƙi shi." Na tuna masa da Najashi, sarkin Habasha, wanda Kirista ne lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbai ƙasarsa domin ba a zaluntar kowa a wurinsa. Yaranmu suna karanta wannan a Islamiyya, ba wanda ya ce an ɓata su.

Ya ce ya ji wannan, saura hotunan. Shi a fahimtarsa ba a rataye hoton mai rai a inda ake salla, kuma ya san Baba na yin nafila a soron. Wannan gaskiyarsa ce, da ma ina shirin buga ƙusa in jera su a bango. Na fasa. Za su zauna a jaka, a fito da su lokacin darasi a mayar. Na ɗauko masa duka ya duba da fitilar waya, tunda an ɗauke wuta. Ya daɗe a kan na famfo biyun nan yana girgiza kai. Ya roƙi in cire wanda King yake tsaye a cikin coci, na cire, da ma ba wani abin da ke faruwa a cikinsa. Saura goma sha ɗaya, da zanen ƙanwata sha biyu. Mun rabu lafiya. Da iyaye duka za su zo su tambaya kamar yadda ya yi, maimakon a ji a bakin layi, da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Hoton yau ba shugaba a cikinsa. Mutane ne kawai a gefen titi suna tafiya a ƙafa, yawancinsu mata da jakunkuna, ga bas yana wucewa kusan fayau. Daga 5 ga Disamban 1955 baƙaƙen Montgomery suka daina shiga bas gaba ɗaya, alhali su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji. Wasu suka taka a ƙafa, masu motoci suka riƙa ɗaukar 'yan'uwansu. King yana ɗan shekara 26 aka ɗora shi a kan ƙungiyar da ke jan ragamar abin. Na ce su tuna ranar da 'yan adaidaita suka yi yajin aiki, gari ya cika da masu tafiyar ƙafa. Manyan sun ji labarin a gida. Na ce to a can ba direbobi ne suka ƙi fita ba, fasinjoji ne suka ƙi shiga.

Kwana 381 aka yi. Lambar ba ta nufin komai a kunnen ɗan shekara shida, don haka na ɗebo wake a wurin Umma, muka zauna muna ƙirgawa goma-goma muna zubawa a kwalba, kowane ƙwaya yini guda na tafiyar ƙafa. A wajen ɗari da hamsin suka fara cewa sun gaji. Na ce ku da ƙirga kawai kuke yi ke nan. Da muka gama na ce daga wannan azumin zuwa wani azumin ne, da ƙarin kwana ashirin da bakwai. Wannan ya shige su. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a Nuwamban 1956 cewa raba kujerun ya saɓa wa tsarin mulki, umarnin ya iso garin a Disamba, sannan suka koma mota.

Da dare ina duba takarduna na ga ashe yau shekara 69 cif da jefa bam a gidansa, 30 ga Janairun 1956, matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah ya tsare su. Jama'a suka taru a fusace, wasu da makamai, ya fito ya ce kowa ya koma gida, ba ramuwa. Zan ba su wannan mako mai zuwa, amma da kalmar "an kai wa gidansa hari".

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Hazo ya rufe gari, mura ta kwantar da rabin ajin. Biyar suka zo. Ban ci gaba ba, na bar su suka jera hotunan da muka wuce da kansu, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Kwalbar wake suka fi nema.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na sha fama da kaina a kan hotunan Birmingham. A watan Mayun 1963 'yan makaranta ne suka fito zanga-zanga a garin, aka kama ɗaruruwa a yini guda, washegari aka sakar musu karnukan 'yan sanda da ruwan motar kashe gobara. Waɗannan hotunan su ne suka girgiza duniya, kuma su ne suka fi ƙarfi a cikin duk abin da na tara. Amma na ajiye na kare. Ɗan shekara biyar zai tafi gida da haƙoran karen ne, ba da dalilin tafiyar ba. Na nuna musu na yaran suna tafe a jere, na faɗi sauran da baki a taƙaice. Labarin 'yan mata huɗun da bam ya kashe a coci a garin a watan Satumba na shekarar ban taɓa shi ba sam. Mu da muka ga hare-haren bam na 2012 da 2014 a Kano mun san irin wannan labari ba a ba yaro shi a tsakanin la'asar da magariba a sallame shi.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne an daki mutane ba su rama ba. Wani ƙaramin sarkin dambe da muke da shi ya ce shi da zai rama. Na ce da sun rama me 'yan sanda za su ce? Ya yi tunani ya ce za su ce su suka fara. Ban ƙara masa komai ba. King ya ɗauko wannan hanya daga Gandhi, har Indiya ya je a 1959 don ya ga inda aka yi ta.

Daga nan muka tafi Washinton, 28 ga Agustan 1963, hoton da aka ɗauka daga sama, mutum kusan dubu 250. Ɗaya ta ce filin Idi ne, wani ya ce Arfa ce. Na ce a nan ya yi jawabin da ya ce yana da mafarki. Autan ajin ya tambaya, "A tsaye ya yi barcin?" Ya fi ni gaskiya. A Hausa mafarki na mai barci ne, wanda ake kai wa malam ya fassara. Na gyara na ce buri yake da shi, fata yake yi: ranar da za a auna 'ya'yansa huɗu da halinsu, ba da launin fatarsu ba. Na maimaita wannan sau biyu, ban kalli wajen ƙofa ba da gangan. A 1964 aka yi dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a, a shekarar aka ba shi kyautar Nobel yana da shekara 35, a 1965 kuma aka yi ta kare 'yancin jefa ƙuri'a. Waɗannan na faɗe su ne a guje, ba su da hoton da zai riƙe yaro.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na gaya musu an kashe shi. Ban ga amfanin ɓoyewa ba, yaran Kano sun san mutuwa, suna ganin ana fita da makara. Ya je birnin Memphis ne don mara wa masu kwashe shara baya, suna yajin aiki a kan ƙarancin albashi da wulaƙanci. Ranar 4 ga Afrilun 1968 wani ya harbe shi yana tsaye a barandar masaukinsa, yana da shekara 39. Hoton masu sharar na nuna, suna tafe da alluna a hannu. Wata ta ce, "Irin masu zuwa kwashe mana bola?" Na ce irinsu. Ta ce babban mutum kamar wannan? Na ce ƙwarai.

Don in ɗan sassauta na ce ya taɓa zuwa Najeriya, a Nuwamban 1960, ya halarci rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar a Legas. Ina rufe baki sai ga Baba ya yaye labule da wata tsohuwar takarda a hannu. Ashe duk makonnin nan yana jin mu. Hoto ne da ya ajiye a ƙasan akwatinsa tun zamanin jam'iyyar PRP, gefensa duk ya cinye. Ya zauna a kan kujerata ba tare da neman izini ba, ya ɗaga ya ce, "Wa ya san wannan?" Farar riga, jar hula. Ba wanda ya sani. Ya ce Malam Aminu Kano ne. Wani yaro ya zaro ido: "Baba, ashe mutum ne? Na zata asibiti ne."

Baba bai yi dariya ba, ni ma da na so yi na haɗiye. Yaron a Gwammaja aka haife shi, yana wuce gidan Mambayya, gidan Malam ɗin, a ƙafa, amma abin da ya sani shi ne asibiti da filin jirgi.

Abin da na kasa yi da fuskar King ranar farko, Baba ya yi shi da fuskar Malam cikin minti goma, domin shi ya ga mutumin da idonsa. Ya ba su labarin lokacin da talaka ba ya ɗaga ido ya kalli mai sarauta, ana sa shi aikin tilas, ga haraji ga jangali. Ya ce a 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a garin nan, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kan cewa talaka ma mutum ne. Ya ce Malam ya tsaya a kan mata su yi karatu su yi zaɓe, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. Ya ambaci Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya da yawan shigarta kurkuku. Babbar ajin ta gyara zama, ta ce, "Baba, mace?" Ya ce mace, kuma ba ta da tsoro ko na anini. Ya ƙare da ranar 17 ga Afrilun 1983, ranar da Malam ya rasu, da irin cikar da unguwar nan ta yi. A nan muryarsa ta ɗan karye, ya naɗe hotonsa ya shige ciki.

Da dare na ce masa, "Baba, ga shi mun iso gida." Ya ce ai shi ya kawo mu, da ni ne da har yanzu muna Amurka.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Rufewa. Ana sa ran ganin wata gobe, don haka na gayyaci iyaye yau. Maza huɗu suka zo har da Alhajin Kantin Kwari, mata suka tsaya daga ƙofar tsakar gida tare da Umma da kakar yarinyar nan. Na baza kwalayen a tabarma na ce kowane yaro ya ɗauki wanda yake so ya ba da labarinsa, waɗanda suka rasa su haɗu bibbiyu. An yi rububin na masu tafiyar ƙafa har sai da na raba faɗa. Sarkin dambenmu ya ɗauki na yaran Birmingham. Yarinyar da ta fita ranar moɗa ta ɗauki na famfo biyu, abin da ban zata ba, ta yi bayaninsa da murya ƙasa-ƙasa amma ba ta tsaya ba har ta kai ƙarshe. Hoton fuskar King shi kaɗai ya rage a tabarma, ba wanda ya taɓa shi, duk da kusan kowa ya ambaci sunansa a cikin labarinsa. Kurakurai sun fito: wani ya ce Rosa Parks matar King ce, wata ta mayar da Azikiwe sarkin Legas. Na gyara na farko, na biyun na bari sai bayan Salla.

Abin da ya rage: in je gidan Mambayya in tambayi yadda ake kawo yara ziyara, kuma in bi dattawan layin nan gida-gida ko akwai masu tsofaffin hotuna irin na Baba, in ɗauka da waya tun kafin gara ta gama da su. Alhaji ya ce kuɗin bugawa na zagaye na gaba a kansa. Baba ya ce shi zai riƙa ba da labarin, ni in riƙe kwali.

Umma ta aiko a mayar mata da wakenta, wai azumi ya zo za ta yi ƙosai. Yaran suka ce ba su yarda ba. Na auna mata wani daga buhu, kwalbar kuma na ɗora ta a kan tagar soro.